Ruwa Har Kafaɗa

Ranar Talatar da aka fara yankan shinkafa a kwari, ma'aikatan Gidan Kan Tudu suka bar Noboru cikin bahon ruwan zafi har fatarsa ta saɓule. Shekararsa arba'in da shida, kuma rabin rayuwarsa a wannan gidan ya yi ta, tare da wasu manya hamsin da ƙwaƙwalwarsu ta tsaya a yarinta.

Shugaban gidan, Ebihara, shi ya bugo wa mahaifin Noboru waya. Ya fara da tambayar lafiya, ya yi maganar zafin da ya ƙi tafiya bana, sannan ya ce an ɗan samu akasi wajen wanka. Mahaifin, Kuramochi Shigeo, ya ƙarar da ƙarfinsa yana duba kura-kuran rubutu a maɗaba'a, saboda haka ya san yadda masu ofis ke wanke magana kafin su miƙa ta. Ya kashe tukunyar shinkafa, ya sa takalmi, ya nufi tashar bas.

A asibiti ya tarar an naɗe ɗansa da bandeji tun daga yatsun ƙafa har kafaɗa. Ƙunar ta tsaya cak a kafaɗa, layi ɗaya miƙaƙƙe kamar da rula aka ja shi.

"Akwai abin da ban gane ba," in ji likitan, wani matashi mai gaggawa. "Ba gurgu ba ne, kuma ba ɗaure shi aka yi ba. Ko jariri ka tsoma a ruwa irin wannan sai ya yunƙura. Me ya zaunar da shi?"

"Ba a ƙirga masa ba."

Likitan ya gane nan take. Shi ma ai uwa ce ta haife shi. A wannan ƙasar babu gidan da ba a nutsa yaro a baho har kafaɗa, a ce ya ƙirga zuwa ɗari kafin ya fito, don ɗumi ya ratsa ƙashi. Yara kan yi ha'inci, su tsallaka daga ashirin zuwa tamanin. Noboru bai iya ƙirge ba, bai kuma iya ha'inci ba. Uwarsa Fumiyo ce ke ƙirga masa har ta rasu, shi kuma ya zauna ƙyam, hannu a gwiwa, sai ya ji an ce ɗari ya miƙe. Shigeo ya gaya wa gidan wannan tun ranar farko, yana kuma maimaita wa kowane sabon ma'aikaci, ga shi ma'aikatan Kan Tudu ba sa daɗewa. Da tafiya ta miƙa suka samo gajeriyar hanya. Ba mai ƙirgawa, sai dai wani ya leƙo daga ƙofa ya ce "ɗari", Noboru ya fito.

Sauran labarin a gutsure ya same shi. Na'urar daidaita zafin ruwan ta lalace tun bazara, ana jiran mai gyara. Ma'aikata na sa safar roba har gwiwar hannu, don haka wanda ya tsoma hannu bai ji komai ba. Mutum ɗaya ke wanke maza takwas a jere, da tsakar rana, domin da yamma babu isassun hannaye. Ranar, sabon zuwa ne a bakin aiki. Wani daga cikin masu jira ya fice tsirara ya nufi ƙofar waje, ma'aikacin ya bi shi, ya bar Noboru a cikin ruwan. Noboru shi ne na farko a layi, domin shi ba ya gardama.

Washegari Ebihara ya zo asibitin cikin baƙar kwat, da akwatin alewar wake an naɗe shi da takarda mai tsada. Ya tsaya a baranda ya sunkuya har Shigeo ya ga sanƙon da ke tsakar kansa, ya daɗe a haka, daidai gwargwadon da ake koyarwa.

"Baba, ba mu da bakin magana."

"Amma ka zo da shi."

Ebihara ya kira Noboru da sunan lele irin na ƙananan yara. "Nobo-chan yaro ne mai haƙuri. Kowa na ƙaunarsa. Da ma ya ɗan yi kuka, da an ji."

"Yaron nan ya girme ka, Shugaba."

"Haka ne, haka ne."

"Alewar ta wa ce? Shi dai ta hanci ake ba shi abinci."

"Ta Baba ce. Ba wani abin kirki ba ne." Ebihara ya miƙo akwatin da hannu biyu. "Gadonsa na nan, mun riƙe masa. Kodayake Baba ya san yawan masu jira a wannan jihar. Amma mun riƙe."

Shigeo ya karɓi akwatin. Hannayensa ne suka karɓa, da kansu, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Ya tsaya yana kallonsu da takaici har ƙarar takalmin Ebihara ta ɓace.

Bayan mako guda Nagamine Tsuya ta hau bene huɗu zuwa ɗakin Shigeo, tana hutawa a kowane hawa. Ita ce shugabar ƙungiyar iyayen gidan, ta haye tamanin, 'yarta Kimie na can Kan Tudu tun kafin Noboru. Ta durƙusa gaban hoton Fumiyo, ta kunna sandar turare, ta haɗa tafukan hannu. Sai da ta gama ta dubi ɗakin.

"Littattafai har kan murhu. Wata rana za ka ƙone ginin nan, Kuramochi-san."

"Ƙona mutane aikin wasu ne. Ga shayi."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Fumiyo-san ta bar ka da aiki. Wannan ruwan wanke kwano ne." Ta ajiye kofin. "Masu bincike daga ofishin jiha za su zo ranar da iyaye ke cire ciyawa. Za su so ganinka."

"Ni ma ina son ganinsu."

"Abin da ya kawo ni ke nan. In suka ce gidan ya gaza, za su dakatar da shi. A can ƙetaren kogi an yi haka, aka ce iyaye su zo su kwashi nasu kafin a samo wuri. Wata ta kwashi nata, gawarta da tasa aka samu a ɗaki bayan kwanaki." Ta shafa gwiwarta. "Kimie ta ninka ni nauyi. In ta faɗi a banɗaki sai dai mu kwana a can mu biyu."

"To in yi shiru, su dafa na gaba."

"Ban ce ka yi shiru ba. Cewa na yi ka dubi matakalar nan taka. Da me za ka hau da shi? A baya za ka goya shi, da wannan ƙugun naka?"

"Kin san sun taɓa ɗaure Kimie a kujera."

"Na sani kafin kai. Na kai musu lemo a satin, na ce su yi haƙuri da ɗawainiya." Ta dube shi ba ta ƙifta ba. "Kana tsammanin ni ba ni da zuciya? Ni dai ina da lissafi. Za mu mutu, su za su rage."

Ya raka ta ƙasa riƙe da jakarta. A hawa na biyu su duka suka tsaya neman numfashi.

Ranar cire ciyawa, tsofaffi sama da ashirin suka duƙa a farfajiyar gidan da hulunan kaba da ƙananan lauje. Al'ada ce, sau biyu a shekara, don a nuna godiya. An yi wa ƙofar waje sabon fenti. A ɗakin wanka an rataye ma'aunin zafi har guda uku, kowanne da lambar shago a manne. Masu binciken su biyu ne. Sun auna faɗin baranda, sun auna girman ɗakuna, sun buɗe firiji, sun leƙa kwandon shara. Duk abin da tef ke iya aunawa sun auna shi, kuma ya cika.

Aka kira Shigeo ɗakin baƙi da ƙasa a gwiwar wandonsa. Mai binciken da ta zauna da shi mace ce mai ladabi, ba ta kai arba'in ba. Ebihara ya zauna a gefe yana zuba shayi.

"Mutum ɗaya ga maza takwas tsirara a kan santsi," in ji Shigeo. "Ƙa'idarku ta yarda da haka?"

"Ana duba adadin ma'aikata ne a jimlar mako, Kuramochi-san. A jimla, gidan ya cika sharaɗi."

"Ba a jimla ya ƙone ba. Ranar Talata ya ƙone."

Ta sunkuyar da kai. "An shaida mana cewa bai nuna alamar damuwa ba. Ko ka san dalili?"

Shigeo ya ji muryar Tsuya ta taga tana yi wa wata tsohuwa tsiya a kan ta bar saiwa a ƙasa. Duk da haka ya faɗa. Ya faɗi ƙirgen, ya faɗi Fumiyo, ya faɗi yadda suka mayar da shi kalma ɗaya daga bakin ƙofa, ya ce kowa a gidan ya sani, ba wanda ya ga ya dace ya gaya wa sabon ma'aikaci. Bai ɗaga murya ba. Matar tana ta gyaɗa kai, biro na gudu.

Da ya gama ta ce, "Wato dai yana da wata ɗabi'a ta ƙin fitowa daga ruwa."

"Ba ƙi yake yi ba. Jira yake."

"Na fahimta. Ɗabi'a ce da ta samo asali daga gida." Ta juya ga Ebihara. "Shugaba, a irin wannan yanayi muna ba da shawarar a kawar da haɗarin gaba ɗaya."

"Mun riga mun tattauna," in ji Ebihara da sauri. "Ba zai ƙara shiga baho ba. Za a zaunar da shi a kujera a watsa masa ruwa."

Shigeo ya san ɗansa. Noboru ba ya kallon talabijin, ba ya waƙa, bai damu da kwalayen da suke sa su naɗewa da safe ba. A duk mako abu ɗaya yake jira, ya nutse cikin ruwan ɗumi ya lumshe ido.

"Ku kuka ƙona shi, shi za ku hukunta."

"Baba, ba hukunci ba ne." Ebihara ya tura masa kofi. "Sai dai in Baba na ganin kulawarmu ba ta kai ba, ko buƙatar Nobo-chan ta fi ƙarfin gida irin namu, ba za mu tsaya a hanya ba. Baba na iya neman inda ya fi dacewa. Mu dai alherinsa muke so."

Mai binciken ta ɗaga biro. "Kana so a shigar da ƙorafi a hukumance? Haƙƙinka ne."

Ta taga Shigeo yana hango bayan tsofaffin nan a duƙe, jere kamar duwatsun maƙabarta. Asibiti sun ce ƙarshen wata za su sallami Noboru. Shigeo ya karanta littattafan da mutum ke miƙewa a irin wannan wurin ya kifar da tebur, kuma ya lura marubutan ba sa faɗin inda ɗan mutumin ya kwana washegari. Ya ɗora tafukansa a gwiwa, ya sunkuya.

"Babu ƙorafi. Ɗana ya jawo muku wahala. Ku ci gaba da haƙuri da shi."

Ebihara ya sunkuya ƙasa da nasa. Aka yi ta sunkuye-sunkuye. Da Shigeo ya fito, Tsuya ta miƙo masa laujensa ba tare da ta ɗago ba.

An mayar da Noboru Kan Tudu bayan an gama girbi, a keken guragu, domin sabuwar fatar ba ta son tafiya. Shigeo ya bi su a bas, duk hanya leɓɓansa na motsi. Ya gwada maganar da yake son gaya wa ɗansa a tsawace, ya gwada ta a hankali, ya yi ta rage ta har ta koma 'yan kalmomin da Noboru zai iya riƙewa. Ya kuma san abin da za ta haifar in ta zauna. Mai ƙin zama, mai ture hannun ma'aikaci, suna da sunan da suke kiransa a gidan, kuma irinsu ake fara cewa buƙatarsu ta fi ƙarfin wurin. Amma ya yanke zai faɗa, ko da a kunne ne.

An hana iyaye wuce zaure tun wata annoba da ta wuce, dokar kuma ta yi wa masu gidan daɗi suka bar ta. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta riƙe keken ta baya, ba ta saki ba.

"Kalli Baba, Nobo-chan. Baba, wallahi ko a asibiti sun yaba shi. Ana canja masa bandeji ko motsi ba ya yi. Da duk irinsa ne, da aikinmu hutu ne."

Noboru ya ɗago. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Ya kama hannun rigar ubansa da yatsu biyu.

"Baba. Nobo ya yi kirki?"

Matar na murmushi tana jiran amsa. Ebihara na tsaye a ƙofar ofis da hannaye a haɗe.

"Ka yi kirki," in ji Shigeo.

"Lokacin shan magani ya yi," in ji matar, ta juya keken. Ƙofar gilashi ta rufe, makulli ya yi ƙara.

Ya ce a ransa sai ziyara ta gaba. A ziyara ta gaba ma akwai mai riƙe da keken, haka wadda ta biyo. Kafin ƙanƙara ta narke a kan tudun, ƙugu da ƙirji suka kwantar da Shigeo, bai ƙara hawa wannan bas ɗin ba. Maganar kuwa ba ta da tsawo: Noboru, in da zafi ka fito, kada ka jira kowa.