Farin Ƙwai a Allura

A ɗakin gwaji Uwar Ɓeraye ake ce mata, kuma ba ta musu, don ita ke share musu keji, ita ke riƙe su idan Dakta zai yi allura.

Da hantsin nan keji biyu ne a kan tebur. Duk ɓerayen an daɗe da sa musu tsila, tsutsar cikin nan mai tsawon tsiya, kuma duk jikinsu ba ya shiri da ƙwai. Na hagu an bar su da tsutsarsu. Na dama an ba su magani ta fita.

Dakta ya bi su da allurar ruwan farin ƙwai. Na hagu suka ɗan sosa hanci, suka koma cin abincinsu. Na dama kuwa bakinsu ya kumbura, suka kwanta suna jan numfashi kamar tsohon zugazugi.

"Kin gani ko?" in ji Dakta, har da murmushi, shi da ba shi da ɗa a gida. "Tsutsar ce ke lallashin garkuwar jiki don kar a kore ta. Da ta fita, garkuwar ta tashi da faɗa."

Nan take Uwar Ɓeraye ta tuno gida. Autarta tana jaririya ƙwai ya taɓa fito mata da borin jini, daga baya abin ya lafa, kowa ya ce ta girme shi. Kwanan nan ita da hannunta ta ɗura wa yarinyar maganin tsutsa, tana yabon kanta. Yau kuma da za ta fito ta bar wa Gwaggo, yayar mijinta, ƙwai ta ce a soya wa Auta.

"Dakta, mutum ma haka ne?"

"Ɓera daban, mutum daban. Ban sani ba tukuna."

Da ma cewa ya yi a'a. Ta tuɓe safar hannu da ƙyar, ta fita baranda da waya. Ta kira Gwaggo, ba a ɗauka ba. Ta sake kira.

"Ke kuma lafiya?" in ji Gwaggo daga ƙarshe. "Ina wanki."

"Yaya, Auta ta ci ƙwan?"

"Ta cinye tas, har da lashe faranti. Ta shiga ɗaki ta kwanta."

"Kwanciya da hantsi? Don Allah kai mata wayar."

"Ke dai kin cika fargaba. 'Yan boko, ɓera ma sai ya hana ku sakat."

Ta cikin wayar ta ji takun silifas, ta ji ƙarar ƙofa. Sai Gwaggo ta kara wa Auta wayar a kunne.

"Umma," muryar ta fito a shaƙe, da wani siririn fito a ƙarƙashinta. "Harshena ya ƙi zama a bakina."