Hansai Ba Ta da Gona

Hansai ba ta da gona. Ko fegin da za a shuka kuɓewa ba ta da shi, don 'yar gonar da mijinta marigayi Malam Lawan ya bari a Indabo tun tuni magada suka raba ta, kowa ya san inda ya kai nasa. Amma duk faɗin Wudil da wuya ka sami manomin da ya fi ta sanin lokacin zuba taki. Kullum da hantsi, in ta gama shara ta ba awakinta dusa, sai ta shige ɗaki ta saki labule, ta danna lambar layin manoma a 'yar wayarta, ta kara a kunne. Sai murya ta yi sallama, ta ce manomi barka da war haka, ta shiga bayanin hadari da tsutsar masara da farashin wake. Muryar ta Jamil ce, ɗanta na fari.

Wanda bai san Hansai ba zai ce, to me ya hana ta kiran yaron kai tsaye? Kunya ce. Ita irin matan da ce, waɗanda ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa zama hira da shi, in ya shigo gida su nemi abin yi a madafa. Ana yaye shi aka kai shi Lajawa wurin gwaggonsa Yelwa, can ya girma, sai da ya sami jami'a a nan Wudil ya dawo gidan ubansa. "Ɗan Yelwa" take ce masa, in ma ta kama dole. Mata su yi ta yabonta, wai Hansai akwai kara, akwai kawaici. Ita ma tana jin daɗin yabon, ba za a yi mata ƙarya ba. Sai dai yabo ba ya taya mutum hira.

Jamil yana shekarar ƙarshe a jami'a suka haɗa kai da abokinsa Ƙasimu, wani dogo ɗan Azare mai bakin tsiya. Suka kama shago kusa da ƙofar makaranta, suka sa teburi biyu da kwamfuta da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Tunaninsu mai sauƙi ne: manomin ƙauye ba ya karanta saƙo a waya, amma ai yana da kunne. Ya danna lamba kawai, a gaya masa da Hausa yaushe ake sa ran ruwa, me ke cin ganyen gero, nawa ake sayar da buhu a kasuwa. Suka raɗa wa abin suna Kunnen Gona. Ƙasimu ne gwanin na'ura, Jamil kuma Allah ya ba shi murya mai kwanciya, irin wadda tsoho ke saurara ya gyaɗa kai.

Naɗar murya a shagon nan kuwa bala'i ce. Titin Maiduguri ne a gabansu, tireloli ba sa hutawa, ranar kasuwa kuma motocin shanu su cika gari da oda. Shi ya sa wata rana Jamil ya aiko ƙanwarsa Radiyya ta roƙar masa Inna ta ara masa ɗakinta, wai shi ne can ƙurya, katifa da labule suna shanye ƙara. Hansai ta ce ɗakin ai ba gudu zai yi ba. Ta ɗauki faranti ta zauna dab da ƙofa tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince tun jiya. A ranar ta fara jin ɗanta yana magana mai tsawo. Ashe haka yake jan "to" ɗinsa, sak ubansa.

Abu ya karɓu. Daga Indabo har Ɗankaza manoma suna kira, har wasu na cewa yaron nan na cikin waya ya fi malamin gona zuwa a kan lokaci. Sai masu zuba jari suka ji labari, kuma daga nan zancen tashi ya soma. Suka ce abin ya burge su, amma Wudil ina ne? Ko a taswira sai sun ƙura ido. In ana son su sa hannu, sai kamfani ya koma inda jirgi ke sauka, inda wuta ba ta ɗaukewa, inda kuɗin da aka zuba yau ba zai wayi gari ya rage daraja ba. Suka ambaci Kigali. Kai, duniya! Abin da aka ƙirƙira don mutumin Ɗankaza, wai ba zai yi ƙwari ba sai an kai shi ƙasar da ba a taɓa jin sunan Ɗankaza ba.

Jamil ya turje da farko. Ya ce manomansu suna nan, shi ma nan zai zauna. Ana cikin haka wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone musu kwamfuta, wanda suka koya wa aiki kuma ya sami wuri a Legas ya kama gabansa. Ƙasimu ya ce masa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma shi dai zai tafi, da shi ko ba shi. Layin ai ba sai suna Wudil zai yi aiki ba, murya ko daga bangon duniya ana iya aiko ta. Jamil ya sakko.

Ranar tafiya ya zo ya durƙusa a tsakar gida. Hansai tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da abin da aka je nema, a riƙe salla. Ya ɗan jira ko da ƙari, babu. Da ya fita ta ci gaba da cuɗa tukunya ɗaya har hannunta ya yi zafi. Zuciyarta kamar ta tsage, amma ko Radiyya ba ta ga hawayenta ba.

Yakan kira duk Juma'a. Ta amsa, su gaisa, ya tambayi jiki da awaki, ta ce lafiya lau, sai ta ce ga Radiyya, ta miƙa wayar kamar garwashi. Radiyya ta buɗe murya su yi ta surutu, Hansai na gefe tana gyaran zogale, kunnenta duk yana wurin. Da aka yi wa Radiyya aure aka kai ta Gaya, sai ya zama babu wanda za a miƙa wa. Gaisuwa ta ƙare, shi ya rasa abin faɗa, ita ta kasa tambaya. Shi a ganinsa takura mata yake yi. Sai ya rage kira, ya koma aiko da gaisuwa ta bakin ƙanwarsa. Ba za a ce ya yi laifi ba. Yaron da aka nuna wa ƙeya tun yana rarrafe, ina zai san abin da ke gaba?

Gidan ya yi mata faɗi. Ɗalibai mata biyu da ke haya a ɗakin zaure tun safe suke fita, in sun dawo kuma kowace da abin ji a kunne. Wata rana tana shanya sai ta jiyo muryar Jamil ta kan katanga, mijin maƙwabciyarta Saudatu ne ya buɗe layin manoma yana saurare. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har aka gama. Da Radiyya ta zo ganin gida, Hansai ta sa ta ajiye mata lambar, wai saboda awaki. Radiyya ta ce ai ba a maganar awaki a ciki. Hansai ta ce a dai sa.

Tun daga nan ta sami abokin hantsi. Wannan muryar ba ta ganinta, ba ta jiran amsa, don haka babu abin jin kunya. In ta yi sallama Hansai ta amsa a fili. In ta gama bayani ta ce Allah ya yi maka albarka, maganar da ba ta taɓa faɗa masa ido da ido ba. Duk mako yake naɗo sabon saƙo daga can, ita kuma ta nan take duba lafiyarsa. Ta san makon da ya yi mura. Ta san makon da yake cikin farin ciki, don har da 'yar dariya ya yi wa masu jinkirin noman farko tsiya. Da rani, lokacin da saƙo ɗaya kan daɗe ba a sauya ba, haka take saurarensa kullum har ta haddace.

Damina biyu aka yi a haka. Ana shirin shiga ta uku, wata safiya ta kara waya sai ta ji sallamar ta bambanta. Jamil yana ba jama'a haƙuri. Ya ce daga ƙarshen wata za a rufe layin Hausa, yana godiya ga duk wanda ya taɓa kira, Allah ya ba da damina mai albarka. Ta sake dannawa, ta sake ji. Ranar awaki sun yi kuka har suka gaji kafin ta tuna da ruwansu.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Ƙasimu, ya zo gida ganin iyayensa ya ratso Wudil ya gaishe ta. Ya yi ƙiba, bakin nan dai yana nan. Ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo fura. Aka gaisa aka sake gaisawa, ya ce mutumin nata yana lafiya, aiki ne ya yi masa yawa. Ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce ta ji an ce za a rufe abin nan na manoma, to mutanen Indabo fa?

Ƙasimu ya gyara zama ya yi mata bayani dalla-dalla, kamar tana cikin masu jarin. Wai yanzu ma Kigali ta yi musu kaɗan, Nairobi za su koma, don can manyan masu kuɗin suke zaune, can kuma ake samun ma'aikata. Waɗanda suka zuba sabon jari manoman shayi da furanni suke so, masu manyan gonaki da ke iya biya. Manomin gero yana kira, yana sa albarka, amma albarka ba ta biyan albashi. Ya ce wallahi Jamil ya yi ta faɗa a kan layin nan, har ya yi fushi ya bar taro, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Hansai ta ce haka ne. Maganar ta zo mata har baki, kamar ta ce masa ko don mutum ɗaya a bar layin. Ta haɗiye, ta ce ya ƙara fura.

Wata ya ƙare. Ta danna lamba, wata mace ta ce layin ba ya aiki. Washegari ma ta danna, don hannu ya saba. Ta yi kwanaki tana shiga ɗaki da hantsi ta saki labule ta zauna kawai. Saudatu ta leƙo ta ce ko zazzaɓi ne, ta ce a'a, kasala ce. Kewa ce, irin wadda ba ta taɓa yi ba ko da Malam ya rasu, don shi an zo an yi mata ta'aziyya. Wannan kuwa wa za ta gaya wa, ta ce me ta rasa?

Ranar da hadarin farko ya haɗo ta gabas, ta yafa mayafi ta je shagon bakin titi ta sa aka loda mata kati. Ta dawo ta zauna bakin gado. Lambarsa tana cikin wayar tun ranar da ya tafi, ba ta taɓa taɓa ta ba. Ta yi bisimilla ta danna.

Bugu biyu ya ɗauka, muryarsa a tsorace. "Inna? Lafiya? Wa ya rasu?"

Ta ce babu wanda ya rasu, kowa lafiya. Tana jin maganar mutane a bayansa. Ta laluba abin faɗa, ba ta sami komai ba sai abin da suka saba, ita da muryar.

"Na ga hadari ne. Na ce ko yaushe za a yi shuka bana."

Ya ɗan yi dariyar mamaki, ya ce wallahi bai sani ba, sun daina duba sararin Kano tun da aka rufe layin. In tana so zai tambaya mata. Sai kuma wani tunani ya faɗo masa. Ya ce, a hankali, "Inna, ke da ba ki da gona?"

Wani ya kira sunansa daga can. Ya ce ta yi haƙuri, yana tsakiyar taro ne, shi ake jira ya yi bayani, zai kira ta da an tashi.

"To ka yi bayaninka," in ji Hansai. "Ajiye wayar a kusa. Kada ka kashe."

Ta ji numfashinsa. Sannan ta ji ƙarar ajiye waya a kan teburi, ta ji ya yi gyaran murya har sau biyu kafin maganar ta fito. Ya shiga yi wa mutanensa bayani da Turanci. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Ta gyara zama ta jingina da bango, ta riƙe wayar da hannu biyu, tana saurare har katin ya ƙare.