Abin da Ke Cin Kwamfutar Auta

Mai gyara ya kara tafin hannunsa a ƙasan laftof ɗin Auta, ya janye da sauri.

"Wannan ai sai a soya ƙwai a kanta," in ji shi. "Tun yaushe fankarta take wannan gurnani?"

"Wata uku ke nan," Auta ta ce. "Jibi zan miƙa furojet ɗina na kammala jami'a, amma ko harafi ɗaya na danna, sai ta yi shawara kafin ta rubuta."

Babanta na zaune a benci tsakanin matattun firintoci biyu, waya a cinya. Shi ya kawo ta shagon da kansa. Wata uku da suka wuce, da ta zo hutu daga jami'a, ya ji tana dariya a waya tana rage murya, barci ya ƙaurace masa. Sai wani abokin aikinsa ya sa masa a laftof ɗinta manhajar da ke ɗaukar hoton duk abin da ta buɗe tana turo masa a waya. Shiga ba ta yi wuya ba, don ita da bakinta ta ba shi kalmar sirrin. Ba mugunta ba ce ta sa shi. Tsoro ne irin na uban da matarsa ta rasu ta bar masa raino.

Mai gyara ya buɗe jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye, yana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya rage, mai suna ba kai ba gindi, shi kaɗai ya cinye kashi casa'in da bakwai na ƙarfin kwamfutar. Ya kashe shi, ya dawo. Ya sake kashewa, ya sake dawowa kamar ƙuda.

"Ga ɓarawon. Hoto yake ɗauka yana aikawa wani wuri. Kin gani, yanzu ma ya aika."

Wayar da ke cinyar Baba ta yi ƙara.

Mai gyara bai ɗago ba. Ya jira abin ya sake aikawa, wayar ta sake ƙara. A nan ya dubi dattijon ta saman tabarau, ya ga gumi na bin wuyan rigarsa.

"Irin wannan ai a ko'ina ana kwaso shi," ya ce a hankali. "Bari in share kawai."

"A'a, Malam, wannan da hannu aka sa," in ji Auta. "'Yar ɗakinmu ce kaɗai ke aronta. Shekara huɗu muna ci a kwano ɗaya! Wallahi yau sai na kai ta gaban hukumar makaranta."

An ba Baba mafita, ya kuma gan ta sarai. Shiru kawai zai yi, 'yar mutane ta ɗauki kayan da ba nata ba.

"Auta, ki ƙyale yarinyar nan. Ni ne."

Auta ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Me ka gani a ciki, Baba?"

"Karatu. Sai hotunan mamanki."

Mai gyara ya tumɓuke manhajar. Fankar ta lafa, kashi casa'in da bakwai ya sauko zuwa huɗu.

"Sai ki sa sabuwar kalmar sirri," ya ce, yana tura mata kwamfutar.

Tsohuwar kalmar, ranar haihuwar Baba ce. Auta ta ɗora yatsunta a kan madannai. Sannan a hankali, cikin ladabi, ta juya fuskar kwamfutar ta yadda Baba ba zai gani ba, ta fara rubutawa.