Rinin Likoro

Badi'a ta koyi rini ne a Makarfi, wajen wata tsohuwa da ta zauna da ita wata huɗu kafin aurenta. Da ta tare a Likoro, gidan Safiyanu manomi, sai ta kafa baho biyu a bayan ɗaki tana rina zannuwan maƙwabta. Wata rana, bayan an gama surfe, ta ɗebi ƙwayoyin masara ta dinga ƙulle su ɗaya-ɗaya a cikin farin yadi da zare, ta tsoma a shuɗi. Da ta kwance, sai ga ƙananan zobba sun jeru kamar an zana su da alƙalami. Duk garin ba wadda ta taɓa ganin irinsa.

Radiyya, 'yar kawunta da ta gama difloma a Zariya ta dawo Kudan tana zaman jiran aiki, ita ta fara cewa a kai kayan intanet.

"Yaya Badi'a, wannan fa ba na Likoro kaɗai ba ne. Ke ki rina, ni in ɗauki hoto in sa a Instagiram. Matan Abuja za su yi rububinsa."

Badi'a ba ta da babbar waya, kuma Safiyanu ya ce bai yarda a sa fuskar matarsa ba. Don haka a wayar Radiyya aka buɗe shafin, aka sa masa suna Rinin Likoro. Radiyya ce ke sa rigunan ta tsaya a bakin gona a ɗauke ta. Badi'a kuwa hannuwanta kawai ake nunawa, suna ƙulli, suna matsewa, suna shanya.

Wata uku na farko mayafi biyar suka sayar. Daga nan wani bidiyo ya tashi, wanda Radiyya ta ɗauka tun daga ƙullin masara har kwancewa. Saƙonni suka yi ta shigowa. Badi'a ta koma rini tun hantsi har la'asar, sodar rini ta tsattsage mata yatsu har tuwo ba ta iya ci sai da cokali. Ba ta yi ƙorafi ba. Duk ranar kasuwa Radiyya na zuwa da ƙullin yadi, ta tafi da rinannu tasha.

Bayan babbar salla Radiyya ta koma Kaduna wajen yayarta, wai sabis ya fi kyau can, aika kaya ma ya fi sauƙi. Yadin da take aikowa ya fara raguwa. Mako biyu, uku, sai ya tsaya gaba ɗaya. In Badi'a ta kira, sai Radiyya ta ce kasuwa ce ta yi sanyi.

Mukarrama, malamar firamare da ke maƙwabtaka da su, ita ta shigo da waya a hannu wata safiya.

"Badi'a, zo ki ga 'yar'uwarki."

An canza sunan shafin zuwa na Radiyya. Ga ta a wani shago mai fitilu, mata uku a bayanta suna ƙullin masara, tana gaya wa mai hira da ita cewa kakarta ce ta koya mata wannan ɗauri tun tana yarinya. Badi'a ta san kakar. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tsoma ko tsumma a baba ba.

Sun haɗu a Kudan ranar sunan ɗan yayan Radiyya. Badi'a ta jira har aka gama rabon abinci, sannan ta ja ta ɗakin kawu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ke ranta.

Radiyya ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Yaya, wa ya sayi data? Wa ya amsa saƙonnin mutane, ya sha zaginsu in mota ta makara? Rini kowa na iya yi. Matan nan kwana biyu suka yi suka koya daga bidiyo."

"Bidiyon hannuna."

Kawu ya gyara zama ya ce, "Badi'atu, shafin waya ba gona ba ne da za a kira mai unguwa ya raba. Ke ce babba. Kada ki ɓata zumunci a kan tsumma." Ya sa suka yi musabaha. Radiyya ta ba ta turare da atamfa a leda. Badi'a ta karɓa don kada kawu ya ce ta raina shi.

Da kaka ta yi, Safiyanu ya sayar da buhun waken suya ya sayo mata waya. Mukarrama ta buɗe mata sabon shafi, suka sa hoton riguna shida da ta rina da kulawa. Kwana biyu ba wanda ya tanka. A na uku maganganu suka fara shigowa, Mukarrama na karanta mata. Wata ta rubuta: ku ji tsoron Allah, ku daina satar basirar Radiyya. Wata ta ce jabu ne, kada kowa ya saya. Badi'a ta ce ta goge shafin. Mukarrama ta roƙe ta ta yi bidiyo ta bayyana gaskiya, Badi'a ta ce ba za ta tona asirin gidan kawunta a gaban duniya ba.

Yanzu ranar kasuwar Makarfi take kai kayanta, ta shimfiɗa su a rumfar wata mai sayar da kayan yara. 'Yanmata kan tsaya su ɗaga mayafi su duba a rana, su tambaya ko irin na Radiyyar Kaduna ne. Farkon lokaci takan yi musu bayani, su saurara da ladabi, su ajiye su wuce. Daga baya ta daina. Sai ta ce irinsa ne, ta ninke, ta sa musu a leda.