Kwanon Asabe

Duk ƙauyen Magarya an san kwanon nan mai murfi ja. Tun ranar da anka kai Asabe gidan Alhaji Iliyasu, kullum bayan la'asar yakan fita da tuwo zuwa gidan wanta Lawwali, ya dawo da nasu. Alhaji da Lawwali taubasai ne, tare sunka tashi suna satar mangwaron mutane. Sai ruwa ya raba su. Hanyar ruwa guda ke shayar da albasarsu, sunka yi ta shari'a a kanta har Wurno, anka ba Alhaji gaskiya. Da ya dawo, tun bai cire hula ba ya ce kada ƙwayar hatsi ta sake fita gidansa zuwa can, kuma kada ƙafar Asabe ta taka ƙofar.

Kwano ya koma saman jere. Asabe takan sauko da shi ta goge, ta mayar. In ta kwashe tuwo, hannunta kan yi malmala guda fiye da kima, sai ta tuna, ta ba awaki. Awakin gidan nan sun yi ƙiba a wannan rani, kowa ya gani.

Gonar Lawwali ta bushe, rumbunsa ya kwanta. Masu yi mishi aiki yunwa ta ishe su, sunka taru sunka raba gonar tsakaninsu, sunka ɗauke injin ban ruwa, sunka ce babu sauran maigida. Alhaji da ya ji ya yi dariya har da buga cinya. Asabe kuwa an gaya mata wan nata ya rame, rigarsa ta sallah ta yi mishi yawa.

Ran nan ɗiyarta Raihana, wadda ke koyar da tarihi a makarantar 'yan mata a Achida, ta zo wuni. Suna tsinke ganyen sure na miya tana gunaguni, wai ɗalibanta sun kasa gane darasin Ingila da Jamus.

"Mi sunka yi?" in ji Asabe, don dai a samu abin faɗi.

"Yaƙi, Inna. Ingila da abokanta sunka ci Jamus, sunka tsare musu hanyar abinci ta teku. Sojoji da leburori na Jamus sunka tashi, sarkinsu ya gudu. Shi da sarkin Ingila ma taubasai ne."

"Taubasai? To manyan Ingila sun yi murna ke nan."

"Da farko. Sannan tsoro ya kama su, kada nasu talakawan su gani su koya. Sun daɗe suna ja, amma daga baya sunka bari abinci ya shiga."

"Don tausai?"

"Ina fa. Don tsoro dai."

Suren nan ya tsinku da sauri a hannun Asabe.

Da Alhaji ya shigo cin tuwo, ta zauna gefe tana yi mishi fifita, abin da ta bari tun auren Raihana.

"Alhaji, ɗazu na ga Nasrullahi, babban yaronka na gona, zaune cikin yaran Yaya. Suna ta nuna mishi yadda anka raba kunyoyi."

Lomar ta tsaya mishi a hannu. "Shi mi yac ce?"

"Ni ina na sani? Na dai ga shina kaɗa kai. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."

"Na san sauran." Ya tauna, ya tauna. "Wanga abu in anka bar shi, gobe kowa ya zama maigida. Ki kai mishi tuwo. A gani cewa bai rasa dangi ba. Ni zan ga dattawa kan injin."

Ko sunansa bai kama ba. Asabe ta so ya ce ko da "yaya jikinsa", amma ta karɓi abin da ta samu.

Da kanta ta ɗauki kwanon, ba ta aiki kowa ba. Ta tarad da Lawwali a zaure bisa buzu, shi kaɗai, babu ko takalmin baƙo a ƙofa. Ya dube ta, ya dubi jan murfin, ya daɗe.

"Auta, ke ce? Shi ya aiko ki?"

"Shi ya bari, Yaya."

"Ya tambaye ni?"

Ta buɗe kwanon ta tura gabansa. "Ci tun da zafi."

Ya gane. Ya wanke hannu, ya kai loma, ya rufe ido. "Har yau ba ki iya gishiri ba," in ji shi.

Da za ta tafi ya shiga ciki ya daɗe yana lalube, don kwano ba ya komawa wofi. Ya fito da albasa 'yar ƙarama, irin wadda ƙishi ya hana girma, ya sa a ciki ya rufe.

"Ki ba taubashina. Ki ce ta gonata ce."