Wanda ke faɗin hanyarmu

Ni Gazali, shekara bakwai ina tuƙa bilinde, motar nan mai sulke da ke kai kuɗin banki ƙauyuka daga Tasawa. Dokar aikinmu ɗaya ce: direba bai san inda za shi ba sai ya zauna bisa kujera. Mutum biyu kaɗai ke sanin hanya tun jajibiri, shef ɗinmu Lawali da Ƙadri, babban masu gadin motar, abokina tun muna lakwal, 'yan makarantar boko.

To ran wata Talata ina shan shayi bakin otogar, tashar motar garinmu, wani ɗan kabu-kabu mai zirga-zirgar Gidan Amumune ya dafa ni yana dariya, wai gobe sai Urafane ke nan, Allah shi kiyaye hanya. Ni da zan tuƙa ban sani ba, shi ya sani! Kuma karo na biyu ke nan, don wancan watan mai wankin mota ya faɗa mani Mayahi tun kafin mu tashi, aka kuwa tafi Mayahin.

Washegari Lawali ya miƙo takarda, na duba, Urafane. Na zare makulli na aje mashi bisa tebur, na ce ko za a yanka ni motar nan ba ta fita da ni. Hanyar yashi ce, in aka tare mu ba wurin juyawa, ga shi duk otogar an san lokacinmu. Ya hau faɗa, wai tsoro ne, wai direbobi goma na jiran kujerata. Raina ya ɓaci, na ce mashi mutum biyu suka sani, shi ya zaɓi wanda ya sayar da mu. Na faɗi haka idona na kan Ƙadri, don na sha ganin shi yana laɓewa bayan gareji da wayar salula.

Ƙadri bai ce uffan ba. Ya cire rigar sulke ya rataye. Wannan shirun ya ƙara mani zargi, wallahi har na ji na tsane shi. Motar ba ta fita ba, kafin azahar an kira manyanmu na Maraɗi, aka dakatar da Ƙadri sai an yi bincike.

Ban tsaya nan ba. Na nemo ɗan kabu-kabun na matsa mashi ya faɗa mani inda ya ji. Ya kalle ni kamar na zare. Ya ce ai ba ɓoye ba ne, liman na masallacin otogar ke addu'a bayan la'asar, ya ambaci motarmu da garin da za ta, jama'a su ce amin. Na tafi wajen liman. Ya ce wata tsohuwa ce ke aiko da goro da masa duk jajibirin tafiya, ta ce a kira sunan hanyar don addu'a ta san inda za ta bi. Ya kwatanta gidan. Gidanmu ne.

Na iske Iya tana tsince wake a tsakar gida. Ba ta ko musa ba. Ta ce ni na ƙi faɗa mata, kullum sai in ce ban sani ba, shi ya sa ta roƙi Ƙadri, yaron kirki, shekara biyu ke nan yana kiran ta yana faɗa mata hanya.

Da gudu na koma biro, ofishinmu, na faɗa ma Lawali komai, ina tsammanin zan wanke Ƙadri. Ashe ƙarasa shi na yi. Lawali ya ce ko don addu'a ko don 'yan fashi, ya fitar da sirri, kuma yanzu ga shaida daga bakina. Ran Juma'a aka sallame shi, shekara goma sha ɗaya na aiki, ga 'ya'ya biyar.

Na tare shi bakin ƙofa na ce don me bai yi magana ba tun ran farko.

"In ce mi? In ce uwarka ce, gaban Lawali?" ya ce. "Tsohuwa ta durƙusa mani, Gazali. Kai za ka iya ce mata a'a, ni ban iya ba."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da na koma gida Iya ta ce in kai ma Ƙadri tuwo, ta ji kwana biyu bai kira ta ba.