Turakun Birendra

Shekara shida Birendra Rawat ya yi a tashar binciken noma yana aurar da jangorar ƙauyensu, wata hatsi mai kama da gero, da wata ta Japan, yana neman irin da zai nuna da wuri kuma burtuntuna ba ta kama shi. Da lokacin gwaji ya yi, sai ya hau dutse zuwa ƙauyen ya roƙi yayarsa Darshani gonarta mafi kyau. Ta ba shi don kunyar idon mutane, ba don tana so ba.

Layi talatin ya shuka, kowane layi da turkensa mai lamba, ya koma birni.

Jangorar kuwa ta nuna sati uku kafin ta kowa, sai tsuntsayen kwarin nan kaf suka sauka a kanta. Kwana goma Darshani tana kaɗa tsohuwar gwangwani ita kaɗai, har muryarta ta dishe. Da suka ci rabi, suka faɗa wa tata jangorar da ke gefe, wadda ko ƙwari ba ta yi ba.

Ranar da Birendra ya dawo da littafinsa, gonar ƙwal. A tsakar gida ya iske Darshani tana murje zangarniya da ƙafa, duk a tsibi ɗaya.

"Didi, yayata, ina turakuna?"

"Suna murhu. Sun ma fi irinka amfani."

"Kin haɗa layi talatin wuri guda? Yanzu ta ina zan gane wanda ya yi kyau? Shekara shida, Didi!"

"Je ka tambayi tsuntsaye, su suka ɗanɗana. Malamin gero! Hannunka ko kanta babu."

"Jahilcin nan ne ya sa kuke..."

Ta tsaya cak. "Ƙarasa mana, bhula, ƙanena. Jahilar da ta goye ka zuwa makaranta ce ke saurare."

Bai ƙarasa ba. Ya durƙusa yana tona tsibin, ko zai ga zangarniyar da ya sani, amma duk sun zama ɗaya.

Da rana ta dafa jangorar da madara, ta dangwara masa kwano a gaba. Ya dubi kwanon, ya miƙe, ya gangara daga dutsen ba tare da ya taɓa ƙafarta don girmamawa, kamar yadda aka saba, ba.

A rahotonsa ya rubuta cewa tsuntsaye ne suka ɓata gwajin. Bikin Diwali ya zo ya wuce, bai hau dutsen ba, ita ma ba ta aika ba.